Motar Yaya Hammadu Ta Wuce Garo

Gwarzo,
22 ga Nuwamba, 1964.

Zuwa ga yayana Hammadu, a Apapa, Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da mai masaukinka Malam Jibirin da iyalinsa baki ɗaya. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta, yaya kuma fama da ruwan saman can da ka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa ka gama da duniya lafiya. Mu nan duk muna lafiya, sai godiyar Allah. Takardarka ta ƙarshe ta iso tun kafin saukar ruwan fari, layi bakwai ce, na karanta wa Inna har sau uku, daga baya ta karɓa ta sa a cikin ƙwaryar da take ajiye carbinta.

Damina ta yi kyau bana. Gonar Mainika ta ba da gyaɗa fiye da bara, dawa ma ba laifi, sai dai gero ne tsuntsu ya ɗan taɓa. Jar saniyar nan da Baba yake so ta sake haihuwa, mace ta haifa, Kawu Jalo ne yake kula da su yanzu. Ƙanwarmu Fatsuma ta sauka lafiya bayan babbar salla, ta sami mace, suna nan kalau a Kabo. Matata Uwaliya tana gaishe ka. Ni kuma ina nan a tashar mota kamar yadda ka bar ni, ƙarƙashin manyan motocin gyaɗa daga safe har la'asar. Ciniki ya buɗe, kullum sai ka ga an jera buhuna a bakin sikeli kamar ganuwa. Wani lokaci in na ga an ɗaure lodi za a tafi Kano, sai in tsaya ina kallon buhunan, in ce a raina waɗannan za su shiga jirgin ƙasa su sauka a inda Yaya yake, wataƙila ma a motarsa za a kai su bakin jirgin ruwa. Su suna zuwa wurinka kowace shekara, mu kuma damina huɗu ke nan ba mu sa ka a ido ba.

Yaya, dalilin wannan takarda shi ne in sanar da kai wani abu da na yi ba da izininka ba, kuma in nemi gafararka. Na yaye tamfol ɗin da ka rufe motarka da shi. Ban manta ba, ranar da za ka tafi, bayan sadakar arba'in ɗin Baba, ka tsaya a bakin rumfar da take ciki ka ce kada wanda ya taɓa ta, a bar ta ta ruɓe a nan. Na riƙe maganarka shekara huɗu. Kaji sun yi ƙwai a kan kujerarta, gara ta ci sandunan rumfar na canza su sau biyu, ban taɓa ko ɗaga gefen tamfol ɗin ba. Ni ma ba na son ganinta. Duk sanda na wuce sai in tuna ranar da Baturen kamfanin gyaɗa da kake yi wa tuƙi ya miƙa maka makullinta zai koma ƙasarsu, yadda ka shigo gari da ita koriya shar, kanta a buɗe, cikinta kamar zai shafi ƙasa, mutanen kasuwa suka bar rumfunansu suka biyo ka. Ka gaya mana an taɓa yin tsere da ita a Turai kafin a kawo ta. Sai kuma in tuna ba a yi sati uku ba ciwon Baba ya tashi, ka ɗauke shi za ka kai shi asibiti Kano, ta karye muku a mashigar rafin da ke gaba da Garo, ka tafi da gudu neman babbar mota, kafin ka dawo Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya sa na saɓa maka shi ne Inna. Ban gaya maka a takardun baya ba don kada hankalinka ya tashi, amma yanar ido ta rufe mata idanu biyu tun bara. Ta kai ba ta bambanta ni da Kawu Jalo sai mun yi magana, nono ma da lalube take dama shi. Malamin asibiti na nan ya ce aikin ido ne, sai an kai ta Kano. To ka san ciwon bayanta. Na sa ta a gaban wata babbar motar gyaɗa, na yi mata shimfiɗa da bargo biyu, direban mutumin kirki ne yana tafiya a hankali, amma ba mu yi mil biyar ba gargadar hanya ta sa ta fara salati tana riƙe hannuna, dole muka sauke ta, aka dawo da ita a kan jaki ana tallafe da ita. Kwana tara ba ta miƙe ba. A nan ne na fara tunanin motarka. Da na faɗa, Fatsuma ta yi tsalle ta dire, ta ce motar da ta ci Baba ba za a sa mata uwa a ciki ba, ko da kuwa Inna za ta ƙare ranta a makance. Inna ta bari ta gama, sannan ta ce ita ba ta taɓa jin ƙarfe ya ɗauki rai ba, mai rai ne yake ɗaukar abinsa. Ta ce in na san zan iya gyara ta yadda ba za ta jijjiga mata baya ba, in gyara, laifin yaye tamfol kuma a ɗora a kanta.

Washegari na ɗaga motar da jak, na dasa mata kututturan giginya, na shiga ƙarƙashinta. Injin bai ba ni wahala ba, ka san yadda ka riƙe shi. Tukunyar mai ce ta fashe inda ta daki dutse, na ɗinke ta da walda, na wanke komai da kananzir, na aro batir, bugu na huɗu ta tashi da irin gurnanin nan nata. Inna tana tsakar gida ta ajiye abin da ke hannunta, tana saurare har na kashe. Matsalar duk a ƙafafunta take. An yi ta ne don kwalta mai santsi, shi ya sa sifirin ɗinta gajeru ne masu tauri, kuma tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce tafin hannu ba. Shokozoba ɗinta tsofaffin yayi ne, man cikinsu ya tsiyaye tun ba yau ba, robobin duk sun bushe suna marmashewa a hannu.

Yanzu ga abin da nake so ka karanta a tsanake. Sifirin na baya na hagu, wanda ya karye muku, na kwance shi na kankare fentin da ke kansa. A daidai inda babban fallen ya rabu biyu na tarar da tsohuwar walda. Ya taɓa karyewa tun kafin motar ta zo hannunka, wani ya liƙe shi ya shafa baƙin fenti a kai. Ban yarda da idona ni kaɗai ba, na kai wa Ɗanladi maƙeri na Kabo, wanda yake yi wa masu manyan motoci aikin ƙarfe. Ya juya shi a rana, ya ƙwanƙwasa da masaba, ya ce irin wannan ƙarfe ba ya karɓar walda, duk wanda ya liƙe shi ya ɗaura wa na bayansa tarko ne. Ya ce ko tafiyar hawainiya kake yi ran nan, a wannan mashiga ko a ta gaba sai ya tsinke. Na san abin da ka riƙa faɗa a zaman makoki, cewa gudun da ka yi ne ya jawo. Ba gudunka ba ne, Yaya. Na ajiye gutsuren biyu a cikin akwatina don ka gani da idonka.

Aikin ya ci mana sati bakwai. Na je Kano wurin masu tsofaffin kayan mota na samo sifirin na wata ƙaramar motar ɗaukar kaya da ta yi haɗari, da shokozoba huɗu irin na yanzu, dogaye masu kama da gorar ruwa. Sifirin ɗin sun yi mata tsawo, sai da Ɗanladi ya yanke su, ya gasa bakunan a wuta ya naɗe musu ido inda noti zai shiga, ya lanƙwasa kowane falle a kan uwar maƙera har ya yi baka, sannan ya tsoma a baƙin mai. Ni nake jan zuga-zugi, shi yana kallon launin ƙarfen, ba ya yarda a yi masa magana sai ya tsoma. Karon farko mun sa falle bakwai-bakwai. Motar ta tashi sama sosai, na yi murna, amma da na fita da ita hanyar Mainika sai na ji kamar a kan turmi nake zaune, haƙorana har haɗuwa suke. Mun yi mata ƙafafun ɗaukar lodi, alhali ba ta da nauyin komai. Na dawo raina a ɓace, Fatsuma kuma ta aiko a gaya mini ai dama ta faɗa.

Muka sake kwance komai. Muka zare falle biyu-biyu a baya, uku-uku a gaba, muka goge tsakaninsu da dutse har suka yi sulɓi, na shafe su da giris na naɗe su da fatar akuya don yashi kada ya shiga. Robobi kuma daga tsohuwar tayar babbar mota na yanko su. Sababbin shokozoba ba su da wurin zama a jikinta, sai da na ƙera musu kunnuwa na liƙa da walda sama da ƙasa, na farko ma na karkace shi sai da na fasa na sake. Na sa mata tayoyi masu ɗan kauri, na kuma ɗaura faifan ƙarfe a ƙarƙashin tukunyar mai, yadda ko ta daki dutse faifan ne zai sha. Yanzu ta ƙara tsawon yatsu huɗu daga ƙasa. Na san za ka ce na ɓata mata tsayuwa, don ba ta yin kwanciyar nan kamar damisa da take burge ka. Gaskiya ne, ta ɗan yi kama da budurwar da ta ɗage zane za ta tsallake rafi. Amma shan kwana ba ya kwashe ta, sitiyarin kuma yana nan da jin magana kamar da.

Wurin daidaita ɓangaren direba ne Ɗanladi ya tambaye ni nauyin mai motar, don ya san irin bakan da zai ba fallen dama. Na buɗe baki zan ba shi amsa sai na ga ban sani ba. Hammadun da na sani siriri ne dogo, ɗamarar wandonsa ma sai an ƙara mata huda. Ban sani ba ko abincin Ikko ya karɓe ka ka yi jiki, ko kuwa ka ƙara ramewa. Ɗanladi ya ce to mu auna da ni, tunda ni zan tuƙa. Na ce a'a, motar ba tawa ba ce. A ƙarshe buhun gyaɗa guda muka ɗora a kujerarka muka auna da shi. Na daɗe a tsaye ina kallon buhun nan a bayan sitiyari, Ɗanladi ya yi kamar yana neman awartaki bai gan ni ba.

Kafin in yarda in sa Inna, na cika ƙwarya da nono na ba Uwaliya ta riƙe a cinya, muka je Gammo muka dawo. Abin da ya zuba bai jiƙa mata zane ba. Da Fatsuma ta ji haka sai ta zo da kanta daga Kabo da jaririyarta a baya, ta zagaya motar sau biyu, ta danna gefenta da hannu ta ga ta lotsa ta dawo a hankali, ta ce ita dai ba ta ce ta yarda ba, amma ga matashin kai ta kawo a sa wa Inna a baya.

Ranar Litinin ta farkon watan jiya muka kama hanya da hantsi. Na ɗaga mata rumfar tamfol saboda rana. Inna ta riƙe ƙofa da hannu biyu har muka fita gari, daga nan na ga ta saki, can kuma ta tambaye ni ko mun fara tafiya da gaske ne, don ita ji take kamar a kan gadon kara take. Ban gaya mata inda muke ba, amma da muka gangara mashigar rafin Garo ta ji sanyin wurin da ƙarar tsakuwa, ta ce in tsaya. Mun riga mun haye lafiya, ko taɓa ƙasa cikin motar bai yi ba. Na tsaya a gindin tsamiyar da ka kwantar da Baba, na fito da ita, ta zauna a kan saiwa ta yi masa addu'a mai tsawo.

Muna nan sai ga wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke bayan tsamiyar, tana dogara sanda. Ta ce sunanta Marka, ƙarar motar ce ta fito da ita, don ba ta taɓa mantawa da ita ba. Ta tambaya ko ni ne saurayin da ya zo da dattijo shekarun baya. Na ce wana ne. Ta ce to ita ce ta kawo wa dattijon ruwa bayan ka ruga, ita ce kuma ta zauna da shi har ya cika, kuma akwai saƙon da ya bar maka. Ta so ta faɗa maka a ranar, amma ka dawo ka faɗi a kansa ba ka jin kowa, aka sa ku a babbar mota aka tafi, ba ta san garinku ba balle gidanku. Ta ce Baba bai yi ta nishi ba, hira ya yi mata. Ya gaya mata yana saurayi ya sha kora shanu ta wannan hanya zuwa Kano, kwana uku a ƙafa, ga shi yau ɗansa ya kawo shi Garo kafin inuwa ta matsa. Ta ce har dariya ya yi, ya ce iska ta cire masa hula tun a bayan gari bai faɗa maka ba don kada ka tsaya. Sannan ya roƙe ta ta rage ruwan da ke cikin ƙwaryar, ta ajiye maka, ya ce yaron nan tun asuba bai sa komai a bakinsa ba, in ya dawo a ce ya zauna ya sha ya huta, ya yi iyakar yinsa. Daga nan ya yi kalmar shahada.

Ban san yadda zan rubuta maka abin da ya biyo baya ba. Inna ta lalubo hannun Marka ta riƙe. Ni na koma bayan motar na durƙusa kamar ina duba taya. Marka ta shiga gida ta kawo mana ruwa, muka sha. Na yi mata alkawarin in ka zo zan kawo ka ka ji daga bakinta, don ni na san ban iya faɗarsa yadda ta faɗa ba. Ta tsufa ƙwarai, Yaya, ka sa wannan a ranka.

Mun isa Kano kafin azahar, bayan Inna bai ko motsa ba. An yi mata aiki a idon dama, mun yi kwana goma sha biyu a can. Na hagu likita ya ce ya riga ya mutu, na daman ma ya ce a lallaɓa shi, ba zai iya cewa shekara nawa zai yi mata ba. Ranar da aka kwance bandejin ta dube ni ta ce ashe na yi furfura a gemu ban gaya mata ba. An ba ta tabarau mai kauri, tana jin kunyar sa shi a gaban baƙi. Da muka dawo gida ta bi kowa da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki 'yar Fatsuma ta kai ta bakin ƙofa wurin haske ta daɗe tana dubawa, ta je garke ta ga 'yar maraƙar. Motar ma ta zagaya ta, ta ce ashe koriya ce har yanzu.

Ba zan ce ka bar aikinka ba, ka fi ni sanin abin da ya fi maka. Abin da nake roƙo shi ne ka nemi hutu ka zo mana ƙaramar salla, ko na kwana goma ne. Ka rubuto mini ranar da jirginka zai iso Kano, zan zo tasha in jira ka. In ka ga za ka iya, makulli naka ne, ni in koma kujerar gefe. In kuma ranka bai ba ka ba, ni zan tuƙa, ba wanda zai ce maka komai, ko mu bar ta a Kano mu hau motar haya. Kada ka wahalar da kanka da neman tsaraba.

Jiya da la'asar ina zaune ina wannan rubutu Inna ta zo ta tsaya a kaina da tabaranta, ta tambaya wa nake rubuta wa, alhali ta sani. Ka san tunda aka haife mu ba mu taɓa jin ta kama sunanka ba saboda kunyar ɗan fari, kullum sai dai ta ce wancan, ko yayanku. Na ce mata me zan faɗa maka daga gare ta. Ta ce in rubuta cewa ta ga fuskar kowa a gidan nan, saura ta Hammadu. Haka ta faɗa, da sunan, a gaban Uwaliya da Kawu Jalo, ta juya ta shige ɗaki.

Kawu Jalo yana gaishe ka, ya ce shanunka uku sun zama biyar. Fatsuma da maigidanta Lukuman suna gaisuwa, haka Uwaliya, da Gwaggo Hauwa ta Mainika, da Ɗanladi maƙeri, da abokinka Zailani mai sikeli wanda ba ya haɗuwa da ni bai tambaye ka ba. Ka gaishe mini da Malam Jibirin da mutanen gidansa, ka yi masa godiya a madadinmu bisa riƙon da yake yi maka. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya sada mu da alheri.

Ina sauraron amsarka.

Ni ne ƙaninka,
Ya'u.